Ƙararrawar Huɗu da Rabi

Ranar Litinin aka kwantar da matarsa a gado na bakwai, ɗakin mata, hawa na biyu. A ranar ce kuma likita ya ja shi baranda ya gaya masa ciwon daji ya gama da hantarta, da wuya ta ga ƙarshen wata.

Likitan yana maganar yana kallon takardar da ke hannunsa. Da ya gama, mijin ya ce ya gode. Ya daɗe daga baya yana juya wannan godiyar a ransa. An ce masa matarsa za ta mutu, bakinsa ya ce na gode, domin idan likita ya yi shiru abin da ake cewa ke nan.

Jan Biro ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a maɗaba'a yana duba kurakurai kafin a buga, daga littafin 'yan makaranta har kalanda da takardar maganin tari. Idan ya dawo gida kuma sai ya ɗauki nasa littattafan, waɗanda ba wanda ya sa shi. Karatun ya bar masa ciwon wuya da tabarau mai kauri da ra'ayi guda ɗaya game da 'yan Adam, wato tumaki ne, in ta gaba ta faɗa rami sauran ma sai sun leƙa. Ba ya tafi idan mai kamfani ya gama jawabi. Ba ya dariya don an ce labarin na dariya ne. Yana alfahari da wannan kamar yadda wasu ke alfahari da mota. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyar da lissafi a firamare, ita kaɗai ce ba ta taɓa yarda ba.

"Kai ma tunkiya ce," takan ce. "Tabarau kawai ka fi su."

A barandar nan, bayan likita ya wuce, yayar Malama ce ta fara share hawaye, ita ce kuma ta yanke hukunci. Mace ce mai jiki da murya, ta binne miji da iyaye biyu, don haka take ganin harkar mutuwa ta zama sana'arta.

"Ba wanda zai gaya mata," in ji Yaya. "Kun ji ko? Duk wanda zai shiga ya gyara fuskarsa tukuna."

"Yaya, ita ce fa mai jikin," ya ce.

"Shi ya sa. Ba a kashe wa mara lafiya zuciya. Ana ce masa da sauƙi har Allah ya yi ikonsa. Haka ake yi."

"Wa ya ce?"

"Malam, don girman Allah yau ɗaya ka ajiye mana karatun nan. Wa ya ce! Ka taɓa ganin wanda ya shiga ya ce wa matarsa ke, ki shirya?"

'Yarsu, ita kaɗai suka haifa, ta kama hannun rigarsa. Idanunta sun kumbura.

"Baba, ka bari. Don ni."

Ya ce to. Ya gaya wa kansa na kwana ɗaya ne, kafin mutane su dawo hayyacinsu.

Ɗakin gadaje goma sha biyu ne, shida suna kallon shida. Kowane gado da koren labulensa da ba ya rufewa duka, da kujerar roba ɗaya, da ƙaramar durowa mai tsatsa. Akwai fanka uku a sama, ɗaya ce ke aiki. Warin maganin goge ƙasa ya haɗu da na ɓawon lemo. Ƙarfe uku mai gadi yake buɗe ƙofar bene, masu dubiya su hau da kwanduna da filas-filas, su kewaye gadajen kamar an kasa kaya a kasuwa. Huɗu da rabi daidai sai a ji ƙararrawa daga ƙarshen baranda, irin ta hannu, mai ƙaramar murya. Ba a rufa minti biyu sai ɗakin ya zama wayam. Ba wanda ke tsawa, ba wanda ke cewa a fita. Wani zai miƙe, na kusa da shi ya miƙe, mai magana ya yanke ta a tsakiya, mai ɓare lemo ya ajiye shi rabi. A yi ta "Allah ya ƙara sauƙi" daga gado zuwa gado har a kai matakala.

Ranar farko Jan Biro ya kalli wannan ya yi murmushin da ya saba. Sai da ya kai ƙasan bene ya lura shi ma yana cikinsu, hularsa a kai, filas a hannu.

Malama ba ta ce komai ba kwana uku. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, idanunta sun yi rawaya, amma kan nan yana nan yadda yake. Tana kwance tana kallon masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar tana kiran suna a aji. Ƙanin mahaifinta da rabonsa da gidansu shekara tara ya zo da sandarsa. Wata maƙwabciya da suka yi faɗa a kan magudanar ruwa ta zo, ta riƙe mata ƙafa tana matsawa. Kowa ya ce jiki ya yi kyau. Kowa ya ce ai jiya ta fi haka.

Ranar Alhamis, Yaya ta sunkuya tana neman cokali a kwando, 'yar tana amsa waya, Malama ta ɗaga yatsa ta kira shi. Ya kawo kunnensa.

"Jan Biro, kwana huɗu Yaya ba ta zage ni ba."

"To ai kin huta."

"Jiya ta ce mini ƙanwata. Tun da aka yaye ni ba ta taɓa ce mini ƙanwata ba. Mutuwa zan yi?"

Yaya ta ɗago da cokalin a hannu. Ba ta ji ba, amma ta ga kan nasu a haɗe, ta zuba masa ido.

"Likita ya ce ana kan magani," ya ce.

"Ba likita na tambaya ba."

"Da sauƙi, Malama."

Ta dube shi tsawon lokaci. Shekara talatin da huɗu suna tare, ya sha ɓata mata rai da gaskiya. Ya taɓa gaya mata rigar da ta ɗinka ba ta yi mata kyau ba, suna bakin ƙofa za su fita. Bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma ta san hakan, shi ya sa ta tambaye shi ba wani ba.

"Ka ga," ta ce a hankali, "akwai maganar da zan gaya maka. Amma sai in tafiya ce. In zan tashi ba zan faɗa ba, kada ka samu abin yi mini gori har tsufa. Don haka ka yi tunani."

"Me kuke ƙus-ƙus?" in ji Yaya. "Amarya da ango! Buɗe baki ki sha wannan."

Ba a jima ba ƙararrawa ta kaɗa. Ya miƙe.

Tun daga ranar abu ɗaya ne ya rage masa a duniya, ya same ta ita kaɗai, ko na minti biyar, ya ba ta amsarta. Abin da sauƙin faɗa. Daga uku zuwa huɗu da rabi gadon nan ba ya rabuwa da mutum shida ko bakwai. Yaya ta kafa kujerar roba a wajen kai, ba ta tashi ko fitsari. Zai iya cewa jama'a ku ba mu wuri, amma ya san yadda za a kalli juna, ya san 'yarsa za ta fashe da kuka, kuma ya san kafin yamma dangi kaf sun ji cewa ya kori masu dubiya. Waya kuwa, Malama ba ta iya riƙe ta, kuma irin wannan magana ba a aika ta ta iska. Hanya ɗaya ce, idan kowa ya tashi shi ya zauna.

Da safe, a gida, yakan ɗora ruwan shayi ya manta da shi. Yakan zauna a teburin da take gyara littattafan yara a da, ya ɗauki takarda ya rubuta abin da zai ce. Rubutun farko ya cika shafi guda, har da abin da masana suka ce game da mutuwa. Ya karanta, ya ji kunya, ya ɗauko jan biron ya bi shi kamar aikin wani. Kowace safiya yana ragewa. Ya san idan ya zo mata da dogon bayani za ta ce, "Malam, amsa nake so, ba hanyar da ka bi ba."

Mijin mai gado na takwas direban bas ne, gajere mai fara'a, wanda matarsa ta karye a ƙugu. Kullum tare suke sauka. Ranar Asabar a matakala Jan Biro ya tambaye shi.

"Direba, in an kaɗa ƙararrawar nan mutum ya ƙi tashi, me za a yi masa?"

"Ya ƙi tashi? Don me?"

"A ce dai ya ƙi."

"To ai sai a ce ba shi da hankali." Ya yi dariya. "Malam, ni fa a hanya, in na ga motoci goma sun kauce gefe guda, ba na tsayawa tambaya, kaucewa nake. Ko rami ne, ko 'yan sanda ne, ko ba komai, na dai tsira da tayata. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

"In kuma na gaban barci yake yi?"

"To sai mu taru a rami ɗaya, a samu abokin hira."

Jan Biro bai yi dariya ba. Direban ya dafa kafaɗarsa.

"Kai dai ka cika tunani. Ni wallahi ƙararrawar nan taimakona take. In ba ita ba yaya zan ce wa matata zan tafi? Sai ta ce na gaji da ita. Amma in ta kaɗa, ba ni na tashi ba, asibiti ne ya tashe ni."

Lahadi ya yi niyya, Litinin ya yi niyya. Kowace rana yakan ji lokacin yana matsowa tun huɗu da kwata, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ce yau kam. Sai ta kaɗa, sai ya tuna cewa doka ce, kuma ba kyau dattijo kamarsa a zo a fitar da shi gaban mata kamar ɓarawon takalmi. Malama ta daina tambaya. Ta koma kallonsa kawai idan ya ɗauki hula. Maganarta ta ragu, barcinta ya ƙaru. Ranar Talata ta kira 'yarta da sunan wata ɗaliba da ta koyar shekaru ashirin da suka wuce, sannan ta gane, ta ce a yi haƙuri.

Ranar Laraba ya ce bari ya bi ta wata hanya. Tunda ba zai karya doka ba, zai roƙi mai doka. Huɗu da kwata ya ce zai sha iska, ya fita ya bi barandar har ƙarshe. A can, kusa da ɗakin ajiye bokitai, ya ga ƙararrawar a kan taga, 'yar ƙarama, hannunta na katako ya tsage an ɗaure da waya. Wata dattijuwa mai shuɗin kayan aiki tana matse tsumma a bokiti.

"Sannu da aiki, Iya. Wa ke kaɗa wannan?"

"Ni ce. Lafiya?"

Ya cire hularsa. Bai taɓa roƙon kowa ba, bai san ta inda ake farawa ba.

"Matata ce a gado na bakwai. Ina so in... ko akwai wanda zan gani a ba ni izini in ƙara minti goma bayan an tashi? Minti goma kawai."

Ta tsaya da matsar tsumman ta dube shi.

"Izini? Wa ya hana ka?"

"Ƙararrawar."

Sai ta yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar wadda ta daɗe tana riƙe da abu.

"Alhaji, wannan ba taku ba ce. Ta ma'aikatan yamma ce. Suna can ɗakin hutu suna shan shayi, in ban kaɗa ba sai su kai biyar ba su karɓi aiki ba. Babbar Sista ce ta ce in riƙa tashinsu."

"Amma kowa fita yake."

"Ai na gani."

"Ba dokar asibiti ba ce?"

"Da can wai an yi haka, kafin in zo. Ni shekarata goma sha ɗaya a nan, ban ga an kori kowa ba. Zo ka gani."

Ta ja shi zuwa ƙofar ɗakin, ta nuna masa wata takarda a bango, a cikin leda, ta yi rawaya don tsufa. An rubuta cewa ana buɗe ƙofa ƙarfe uku, ana rufewa takwas, kuma wanda jikinsa ya yi tsanani an yarda mutum ɗaya ya zauna tare da shi ko yaushe. Harufan manya ne, ko ba tabarau zai karanta. Kwana goma yana wucewa ta gabanta, shi da ya ci abinci shekara talatin da ɗaya da karanta takardun mutane.

"To me ya sa ba ki gaya wa mutane?"

"In gaya musu in ce me? Ba wanda ya tambaye ni, kai ne na biyu. Kuma tsakani da Allah, in sun fita ina samun filin goge ƙasa. Ka taɓa goge ƙasa mutum hamsin suna tsaye a kai?" Ta duba agogon bango. "Ka ga ka sa na makara."

Ta je ta ɗauki ƙararrawar ta kaɗa. Yana tsaye a bakin ƙofa jama'a suka fito suka yi gaba da shi kamar ruwa ya ɗauki kara. 'Yarsa ta miƙo masa filas ta ce Mama ta yi barci tun ɗazu. Ya leƙa, gaskiya ne, ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Ya ce to gobe. Yanzu kam ba sauran abin da zai hana.

Ranar Alhamis ya yi aski, ya sa farar rigar da take so. Takardar ya bar ta a gida, abin da ya rage a cikinta ba ya bukatar takarda. Ya tarar da ita a farke, idonta tar, har ta sa an ɗaga mata filo. Yaya ta ce kun gani ko, ai na ce muku sauƙi na zuwa. Mutanen ranar sun fi na kullum. Akwai tsofaffin malamai uku da suka yi aiki tare, akwai surukin 'yarsu, akwai wata da ba wanda ya gane ta amma ta fi kowa kuka. Malama ta bi su da kallo, sannan ta dawo da idonta kansa.

"Jan Biro ya yi aski," ta ce. "Wa za a burge?"

Aka yi dariya. Shi ya samu gefen gadon wajen ƙafafunta ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ji ƙashin ƙafarta ta cikin bargo. Ya duba agogo, huɗu da minti goma. Ya sake dubawa, da ashirin. Ya hango dattijuwar ta wuce ta baranda da bokitinta.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Malaman nan uku suka miƙe tare. Surukin ya miƙe. A gado na takwas direba ya ce wa matarsa, "To gimbiya, an kore mu." Kujeru suka yi ƙara, aka fara rufe kwanuka. Jan Biro ya zauna. Ya dafa katifa da hannu biyu ya zauna.

Yaya ta gama haɗa kwando, ta ɗauki hularsa daga kan durowa ta miƙo masa.

"Malam, bisimilla."

"Zan ɗan zauna, Yaya."

"Ka zauna? An kaɗa fa."

"Ba tamu ba ce. Ta ma'aikata ce. An rubuta a ƙofa, mutum ɗaya zai iya..."

"An rubuta!" Ta rage murya, amma irin ragewar da duk ɗakin ke ji. "Kai komai an rubuta. Dubi ɗakin nan da kyau. Ɗakin mata ne. Matan mutane za su gyara jikinsu, wata za a canza mata zane, wata za ta hau fo. Kai kaɗai namiji za ka zauna kana kallo? Ka ga wani ya zauna?"

Ya duba. Bai kamata ya duba ba. Matar gado na uku ta ja bargo har wuya tana kallonsa. Masu fita sun tsaya a ƙofa sun juyo. Surukin ya sunkuyar da kai kamar shi aka kunyata. Direba ya ɗaga masa gira yana murmushi, wato yaya dai, Malam? 'Yarsa ta matso ta yi magana a kunnensa.

"Baba, in ka zauna za ta gane. Don Allah."

Ba wanda ya taɓa shi. Ba mai gadi, ba Sista, ba doka. Hula ce kawai a hannun wata tsohuwa, da idanu wajen ashirin. Ya juya ya kalli Malama. Ba ta ce zauna ba, ba ta ce tafi ba. Ta zuba masa ido irin na malamar da ta yi tambaya ta ba yaro lokaci.

Ya karɓi hular.

"Gobe zan zo da wuri," ya ce.

"To," in ji Malama. Ta juyar da kanta wajen bango.

A matakala ne ya gane abin da ya fi komai ci masa rai daga baya. Yana sauka a tsakiyar mutane, kafaɗa na gugar kafaɗa, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau. Daɗi ya ji. Littattafansa sun gaya masa tsoro ne ke sa mutum bin jama'a, tsoron hukunci, tsoron a ware shi, ya kuma yarda, domin mai tsoro ana iya tausaya masa. Ba su gaya masa cewa akwai hutu a ciki ba. Kwana goma sha ɗaya yana ɗauke da magana mai nauyin dutse, kuma kowace rana huɗu da rabi sai jama'a su karɓe masa ita su ce ba yau ba, ba laifinka ba ne, haka ake yi. Ashe ba korarsa ake yi ba, ceto ne yake zuwa karɓa. Direban ya fi shi gaskiya, shi ko ba komai ya faɗi nasa da baki.

Da safe yana gugar rigar da zai sa waya ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Bai gane kalmomin ba, amma ya gane muryar. Ya kashe dutsen gugar, ya naɗe igiyarsa, ya mayar da shi inda Malama ke ajiyewa, sannan ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya cika. Aka zauna a falo, aka zauna a tsakar gida, aka ari kujeru daga maƙwabta. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya ko ta sha wahala, Yaya kuma ta ba da amsa iri ɗaya, da wani abu mai kama da alfahari a muryarta.

"Ko kaɗan. Ta tafi ba ta san komai ba. Har ranar ƙarshe tana wasa da dariya, ku tambayi Malam. Mun rufa mata asiri, ba wanda ya tayar mata da hankali."

Sai a juyo a dube shi. Shi kuma ya gyaɗa kai ya ce haka ne, domin abin da ake cewa ke nan.

Da aka watse, aka mayar da kujerun aro, 'yarsa ta koma gidan mijinta, ya zauna a teburin nan shi kaɗai. Bai san abin da Malama ta so gaya masa ba. Ya yi ta zato har ya gaji. Wataƙila wani tsohon laifi ne, nata ko nasa. Wataƙila inda ta ɓoye wani abu ne. Wataƙila kuma, da yake ita ce, ba komai ba ne, tarko ta ɗana don ta ga ko zai iya. Wannan ta tafi da shi.

Nasa kuwa yana nan, ba inda ya je. Ba dogo ba ne, ko minti ɗaya ba zai ci ba.

E, Malama, tafiya ce. Likita ya gaya mini tun ranar farko, na yi miki ƙarya. Faɗi naki, ina ji.